Yayen Auta da Kwamitin Rage Cunkoso

Akwai abin da mutum zai manta tun bai wanke hannu ba, akwai kuma wanda zai bi shi har kushewa. Yayen Auta yana cikin na biyun. Shekaru sun shuɗe, furfura ta cinye kaina, amma ko yau in na ga mace ta ja mayafi tana ba ɗanta nono a cikin motar haya, sai ranar nan ta dawo mini sabuwa fil, in rasa dariya ce ta kamace ni ko kuka.

Ni mai waina ce a bakin tasha, a Talata Mafara, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya iya zama wuri ɗaya. A shekarun da ɓarayin daji suka hana kowa sakat, aka kama wasu mutane ana zargin suna kai musu rahoto. Da aka tambaye su inda suke karya kumallo in sun shigo gari, suka ce wurina. Shi ke nan, aka zo aka ɗauke ni daga gaban tanda, wai ina ciyar da 'yan ta'adda. Na ce musu ni ƙullu na sani da mai, ban taɓa tambayar mai saye abin da zai yi da ƙarfin wainar in ya ƙoshi ba. Wannan magana ba ta taimake ni ba ko kaɗan. Alƙali ya ce a ajiye ni zuwa ranar da za a sake zama, ranar kuwa har na baro gidan ba ta gane hanya ba.

Gidan da aka kai ni ba zan faɗi garinsa ba. A bakin ƙofa an goge tsohon suna an rubuta "gidan gyaran hali" da fenti mai ƙyalli, kuma in za a faɗi gaskiya sun gyara mini hali ɗaya tun ranar farko, wato halin kwanciya. Ni mace ce mai jiki, Allah ya yi mini faɗi, a gida ni kaɗai nake cika gado in yi rigingine yadda na ga dama. A can kuwa ɗakin mata ɗaya ne tal, an gina shi tun zamanin da ake ganin mace ba ta laifi, mu kuma muna ciki kamar an ɗura gero a taiki. A gefe ɗaya ake kwanciya, gwiwarki a bayan gwiwar ta gabanki. In kafaɗu suka mutu sai tsohuwar ɗakin ta ce a juya, mu juya gaba ɗaya. Wadda ta tashi fitsari kuwa ta yi bankwana da wurinta, don kafin ta dawo jikina ya riga ya malala ya rufe shi, ba da nufi ba.

Tsohuwar nan Inna muke ce mata. Mutuniyar Bakura ce, ita ma jiran shari'a take yi, kuma ta daɗe tana jira har alƙalin da ya ce a ajiye ta ya yi ritaya ya koma noman albasa. Ba ta da muƙami, amma ita ke raba faɗa, ita ke raba ruwa, kuma ko gandirobobi ba sa tsallake maganarta kai tsaye.

A cikin wannan matsi akwai yara uku. Su ba a kama su da laifin komai ba, saboda haka a wurin hukuma ba fursunoni ba ne. Tunda kuwa ba fursunoni ba ne, ba su da kwano in an kawo gabza, wannan tuwon da ko kare sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Ba su da tabarma, ba su da rabon sabulu. Na taɓa tambayar wata gandiroba abin da yaran za su ci. Ta ce doka ba ta yarda a tsare yaro ba, don haka doka ba ta san da yaro a gidan nan ba. Na ce to wanda ya jiƙa mini zane da safen nan fa, aljani ne? Ta ce in iya bakina. Haka muka ci gaba, kowa ta gutsuri loma daga kwanonta, muna ciyar da mutanen da babu su.

Ƙaramarsu ita ce Auta. Uwarta yarinya ce shiru-shiru daga wani ƙauye can bayan Kaya, a ƙasar Maradun. Mijinta aka je nema ba a same shi ba, sai aka ɗauko ta da tsohon ciki, wai a riƙe ta har ya kawo kansa. Bai kawo ba. Bayan an taho da ita ɓarayi suka watsa ƙauyen, ba wanda ya san inda danginta suka nufa. A ɗakin nan ta haihu, Inna ce ta yanke cibi. Lokacin da na shigo Auta ta haura shekara, ta fara tafiya tana dafa gwiwoyinmu. Ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, don babu ƙasar da za ta faɗa, duk inda ta tuntsura kan mutum ne. Gabza ba ta karɓe ta ba, da ta lasa sai cikinta ya ɓaci, saboda haka nono shi ne abincinta na gaskiya.

Dokar gidan kuwa ɗaya ce game da yara. Muddin yaro yana shan nono yana tare da uwarsa, ranar da aka yaye shi dangi su zo su ɗauka. Uwar Auta ba ta da dangin da za su zo, ba ta kuma da komai a duniya sai yarinyar nan. Yadda sauranmu muke fargabar hukuncin alƙali, haka ita take fargabar kalmar yaye.

Ana nan cikin tsakiyar bazara, zafi har bango yana gumi, sai labari ya zo cewa an kafa kwamitin rage cunkoso kuma zai ziyarci gidanmu. Murna ta ɓarke a ɗaki. Kowa ta fara tsara abin da za ta faɗa, wasu har sun fara rabon kayan da za su bari. Wanda bai yi murna ba shi ne shugaban gidan, wanda kowa ke kira Oga. Ba mugu ba ne irin na duka da zagi, a'a, mutum ne dai mai son a ce gidansa ya fi na kowa. Bai taɓa taka cikin ɗakinmu ba, daga bakin ƙofa yake leƙowa da hankici a hanci.

Aka tashi gyara haiƙan. Aka shafa wa bango farar ƙasa, aka shafa wa duwatsun bakin hanya, aka shafa wa gindin itatuwa. Da akuya ta tsaya wuri ɗaya a makon nan da ita ma ta sha fenti. Aka sayo sababbin bokitai aka nuna mana su, sannan aka kulle su a sito don kada mu ɓata su kafin baƙi su gani. Da aka gama da waje, Oga ya zo ya tsaya a ƙofarmu ya ƙare mana kallo, ya gano abin da ke kawo cunkoso. Mu manya da muka cika ɗakin maƙil bai gan mu ba, sai yara uku da in ka haɗa su ba su kai cinyata ɗaya ba.

Ya ce, "Manyan baƙi za su zo, har da masu ɗaukar hoto. Ba zai yiwu su tarar da yara a kurkuku ba, abin kunya ne ga ƙasa. Za a yaye su duka a kai su gidan kakanni, yadda al'ada ta tanada."

Inna ta gyara zama ta gaishe shi tukuna, ta tambayi gida da iyali da gajiyar aiki, sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, wa ka yaye cikin bazara? Zahin ga ko babba shina jin shi ga jiki. A bari ruwa su sauka."

"Inna, kwamiti ba ya jiran damina."

"To ita wagga," ta nuna Auta, "ina kakar da za a kai ta? Garinsu ko kaza babu."

Oga ya ɗan yi tunani, ya ce, "Gwamnati ce kakarta."

Da ya tafi Inna ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin kakar da jikarta ta shekara a ɗakinta ba ta san an haife ta ba. Muka yi dariya, ban da Uwar Auta. Ta ƙanƙame yarinyar har ta fara mutsu-mutsu tana neman ƙwacewa.

Abin da zan yaba wa Oga shi ne bai yi yayen nan da ha'inci ba. Ya ce tunda al'ada za a bi, a bi ta sosai. Aka sa malami ya yi rubutun yaye, aka dama kunu mai kyau har da sukari, aka nemo sassaƙen maɗaci aka jiƙa. Wannan ne karo na farko da hukuma ta kashe wa Auta ko sisi, ranar da za a kore ta. Sauran yaran biyu aka aika wa danginsu, ɗaya aka zo daga Jangebe aka ɗauka, ɗaya daga Birnin Tudu. Auta kuwa aka ce a kai ta bariki, bayan katangarmu, gidan wata gandiroba mai 'ya'yanta rututu, wadda ba a ma tambaye ta ko tana so ba.

Gandiroba ta shigo da ruwan maɗacin za ta shafa wa Uwar Auta a nono, Inna ta ce a bari uwar ta yi da hannunta, ya fi sauƙi. Uwar Auta ta karɓa, ta shafa. Auta ta tako tana dafa gwiwoyi tana dariya, ta hau cinya kamar kullum, ta kama. Sai ta saki da sauri, ta yamutsa fuska, ta ɗaga kai ta dubi uwarta. Ba kukan da ta yi daga baya ne ya dame ni ba, kallon nan ne. Haka aka fita da ita.

Wurin da aka samu bayan tafiyar yaran uku na auna shi da idona. Ya isa a ajiye buta, in an karkata ta.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Da hantsi in an fito da mu tsakar gida, Uwar Auta sai ta tafi gindin katanga ta zauna, don daga can ana jiyo kukan Auta. Ba ta kiran ta, zama kawai take yi da kunne a bango. Ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, Inna ta ɗaure mata shi da ɗankwali tamau don ruwan ya ɗauke. Gandirobar da ke riƙon yarinyar, ba laifi, takan faɗa mana gaskiya in ta shigo aiki. Ta ce Auta ta ƙi kunu, ta ƙi tuwo, ga gudawa.

Kwamiti kuwa bai zo ba. Aka ce hanya ba kyau, sai an samu rakiya. Da aka samu rakiya aka ce ɗaya daga cikin manyansu ya tafi Umra. Da ya dawo aka ce ana masa barka da sauka. Farar ƙasa ta kakkaɓe aka sake shafa wata. Ni dai na ce da sun san za su yi wannan jinkiri da sun bar yarinya ta ƙarasa shan nononta, amma ba a tambayi mai waina ba.

Ranar da suka iso, tun da safe aka fito da mu duka aka zaunar a ƙarƙashin rumfa, aka raba mana sababbin hijabai na aro. Aka share ɗakinmu tas, aka shimfiɗa tabarmi huɗu sababbi, aka jera bokitan nan a gefe. Da kwamitin rage cunkoso ya leƙa ɗakin ya gan shi wayam, sai na ji ɗayansu yana cewa, "Ai nan da fili, ba kamar yadda ake faɗa ba." Ba wanda ya juyo ya dubi yawanmu a rumfa ya tambayi inda muke kwana.

Shugabarsu wata Hajiya ce dattijuwa mai tabarau, da ganinta tana da tausayi. A bayanta an jibge katan-katan na madarar yara da sabulu da 'yan riguna. Bayan an sha jawabai, ta dube mu ta dubi Oga ta ce, "Ina yaran? An ce mana akwai masu goyo."

Oga ya miƙe, ya gyara ɗamara, ƙirji a gaba. "Ranki ya daɗe, gidan nan babu yaro ko ɗaya. Mun magance wannan matsala tun kafin ku iso."

Aka tafa masa. Wani mai babbar riga a cikin kwamitin ya ce irin wannan shugabanci ya kamata sauran gidaje su yi koyi da shi. Hajiya ta jira tafi ya lafa, ta ce, "To madalla. Mu dai umarnin da aka ba mu a wannan zagaye shi ne mu sallami mata masu shayarwa, su tafi gida da 'ya'yansu. Tunda babu su a nan, sai mu wuce gida na gaba."

Na ga murmushin Oga ya tsaya a fuskarsa ya rasa hanyar komawa. Iyayen yaran uku suna kusa da ni. An riga an gargaɗe mu cewa duk wadda ta yi magana ba a tambaye ta ba za ta gane kurenta, amma abin ya fi ƙarfin bakina. Na miƙe, kuma miƙewata ba abin da ake ɓoyewa ba ne.

Na ce, "Hajiya, akwai su. Ga su nan su uku. Yaye anka yi musu don zuwanku."

Hajiya ta sauke tabarau ta dubi Oga. Shi kuwa, Allah ya ba shi saurin dabara, ya ce, "Ranki ya daɗe, ba yaye ba ne sosai. Hutu aka ba su." Ya juya ya yi wa gandiroba ido, ta ruga bariki.

Na Jangebe da na Birnin Tudu sun yi nisa, kwamiti kuma ya ce ba zai iya jira ba saboda hanya. Iyayensu suka sunkuyar da kai suna share hawaye da hijabin aro. Auta kaɗai aka kawo. Da ƙyar na gane ta. Ta rame, wuya ya fito, idanu sun faɗa. Aka miƙa wa uwarta, ta karɓe ta ta rungume.

Mai babbar riga ya ce to, tunda an samu saɓanin magana, dole kwamiti ya tabbatar da idonsa. A sa wa Auta nono a gani, in ta kama shi ke nan, uwa da 'ya su bi kwamiti waje. Oga ya matso kusa da Uwar Auta, karon farko da na gan shi kusa da ɗayanmu ba hankici, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba ta mana. Ko yaya ne, hoto kawai za a ɗauka."

A nan sai na yi wa wanda ba ɗan wajenmu ba bayani. Mu a wurinmu, yaron da aka yaye ba a mayar da shi. Nonon da ya kwana biyu a ɗaure cewa ake ya ɓaci, yaron da ya sha shi zai kamu da ciwon da ba a cika tashi ba. Da haka aka haife mu, da haka aka haifi iyayenmu. Yanzu ina jin ma'aikatan asibiti suna cewa ba haka ba ne, kuma mai yiwuwa su ke da gaskiya. Amma ranar nan, cikin duk masu ilimin da ke rumfar, ba wanda ya tsaya ya tambayi Uwar Auta abin da ya hana hannunta motsi, balle ya kwantar mata da hankali. Agogo suke dubawa. Ita kuma abin da ta sani ke nan, ga 'yarta a hannu ta riga ta galabaita.

Auta ta ji ƙanshin uwarta, ta manta da maɗaci, ta fara cusa kai cikin hijabi tana lalube. Ƙofar waje tana can a buɗe, muna hango motocin baƙi. Duk muka zuba mata ido, wasu na raɗa mata ta yi bismilla ta ba ta, Allah zai kiyaye. Na dubi Inna ko za ta raba gardama, na ga ta kau da kai tana jan carbi.

Uwar Auta ta kama ɗan hannun da ke lalube ta riƙe shi a hankali. Ta ɗago ta dubi Hajiya, ita da ko gandiroba ba ta iya haɗa ido da ita, ta ce, "Ranki shi daɗe, an yaye ta, nonon ya ɓaci. In sai na ba ta za ni hita, a bar ni nan. Ba ni sayen ƙohwa da ran ɗiyata."

Kwamiti ya koma gefe ya yi shawara, muna jiyo su. Hajiya, idonta ya kawo ruwa, ta ce a sake ta kawai, kowa ya ga abin da ya faru. Mai babbar riga ya ce shi ma ya tausaya, amma umarni ya ce masu shayarwa, ita kuma da bakinta ta ce ba ta shayarwa, in suka sake ta sun wuce huruminsu. Sauran suka gyaɗa kai. Aka tsayar da cewa batun matan da aka riga aka yaye wa yara babban batu ne, za a ba da shawarar a kafa masa kwamiti na musamman. Aka ba Auta gwangwanin madara ta riƙe aka ɗauki hoto, sannan aka karɓe aka mayar cikin katan, tunda a hukumance gidan ba shi da yaron da za a bar wa.

Sai dai kwamitin rage cunkoso ba zai so a ce ya zo ya tafi bai rage komai ba. Mai babbar riga ya bi mu da kallo, idonsa ya tsaya a kaina, ya dube ni daga sama har ƙasa, daga dama zuwa hagu, wanda ya fi ɗaukar lokaci. Ya ce, "Wannan in ta fita an samu wurin mutum biyu." Aka tambayi laifina, na ce waina. Suka yi dariya. Oga, da ya ƙosa ya rabu da bakina, ya ce ai mace ce mai ladabi, halinta ya gyaru. Haka aka sallame ni. Abin da gaskiyata ba ta yi mini ba, ƙiba ta yi.

Ban yi murna ba, wallahi kunya ce ta kama ni. Na shiga ɗaki ɗaukar ƙunshina, na tarar ana maganar Auta. Gandirobar da ke riƙonta ta ce ita ta gaji, ba za ta ƙara riƙo ba, Oga kuma ya ce yayayye ba ya komawa ɗakin mata, sai dai a nemi gidan marayu a birni. Ina fitowa Uwar Auta ta tare ni a ƙofar sashen mata ta durƙusa.

Ta ce, "Gwaggo, yaye gidan kaka a ka kai shi. Ni ba ni da kowa. Ki zan kakarta, don Allah."

Na ce, "Tashi, ɗiyata. Ɗora min ita."

Da hannunta ta ɗora mini ita a baya, da hannunta ta ɗaure zanen, ta ja ta sake ja. Inna ta tofa mana addu'a. Da muka zo wucewa ta gaban ofis Oga ya gan mu ya washe baki, ya ce, "Kun gani, ai al'ada ba ta ƙarya."

Auta ta sha jinya kafin ta miƙe, amma ta miƙe. A gindin tanda ta girma, direbobi da kwandastoci duk sun san ta, jikar mai waina. Da farko nakan goya ta mu je ziyara, uwar ta gan ta ta cikin ragar ƙarfe. Daga baya muka je aka ce an mayar da uwar wani gida mai nisa, don a rage cunkoso. Hanyar can kuwa ba ta biyuwa a lokacin, sai dai saƙon baki in an samu mai zuwa. Nakan ba Auta labarin uwarta, ta saurara yadda yara ke sauraron tatsuniya, ta koma wasanta.

Auta ta riga ta shiga makaranta, har ta yi wayon taya ni miƙa wa masu saye, lokacin da wani ya gano cewa mijin da ake jira ya kawo kansa ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa, ɓarayin da aka ce yana yi wa aiki su suka kashe shi. Sai aka buɗe wa matarsa ƙofa aka ce ta tafi, ba ta da laifi.

Wata ranar kasuwa da safe, ina tsakiyar juya waina, na ga mace ta tsaya a gabana, siririya, da ƙunshi a leda. Ta yi sallama da muryar da na sani. Kafin in ajiye cokali in miƙe, Auta ta riga ni. Ta ɗauko takardar naɗi, ta dubi matar da fara'arta ta 'yan kasuwa, ta ce, "Sannu da zuwa. Ta nawa za a sa miki?"

Na buɗe baki zan yi magana, matar ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Sa min ko ta nawa ta, 'yan mata." Ta zauna a kan benci ta karɓa da hannu biyu. Tana ci tana kallon yarinyar tana kai da kawowa, hawaye na sauka a kan wainar, ba ta bar ko ɗaya ba.

Yau suna tare a gidana, Auta ta san ko wace ce, tana mata biyayya. Amma in ta yi mafarkin tsoro ko ta ji ciwo, ni take kira, uwar tana zaune tana ji. Wannan ba wanda zai iya mayar mata da shi.

Abin da na koya a gidan nan shi ne, kawar da matsala daban, kawar da ita daga gaban ido daban, kuma manya sun fi ƙwarewa a na biyun. Tun daga ranar, duk sa'ad da na ji wani babba ya miƙe yana cewa an magance matsala, ba na saurin tafi. Sai na fara tambaya ina aka kai ta, kuma daga hannun wa aka ɓamɓare ta.